Bash da otokolan suna fitowa da duhu, kala ta yi yawa? Duba nan kafin ka sayi sabon kan mashin

Makon jiya wani ƙanena mai shagon buga bash da otokolan nan wajen babbar kasuwa ya kira ni, wai kan mashin ɗinshi, wato abin da ke fesa tawada, ya mutu, in samo mishi mai kawo sabo daga Kano. Na je na iske ya buga bash ɗin biki mita 3, fuskar amarya da ango ta yi duhu sai haƙora kake gani, shaddar ango mai ruwan sararin sama ta koma kamar yanzu aka tsamo ta daga marina. Na ɗora yatsa, tawada ta biyo ni. Na ce ƙanena bar kuɗɗinka cikin aljihu, kan da ya lalace layi-layi yake yi ko wata kala ta ɓace, naka tawada ce ta fi ƙarfin ledar.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne furofil guda, wato saitin kala da yawan tawada, ake buga komai da shi. Tun ranar da mai haɗa mashin ya saita manhajar bugu, Maintop ko PhotoPrint, ya tahi, ba wanda ya sake taɓa wurin, alhali kowace leda da yawan tawadar da take iya sha, bash daban, otokolan mai sheƙi daban, ita kuwa ledar allon da ake kunna wa fitila ta baya da gangan ake cika mata tawada don haske kar ya wanke kalar. To ka ɗauki furofil ɗinta ka buga otokolan, ai dole ya fito kamar dare. Haka in ka canza kamfanin tawada, ko furofil na pass 4 ne, wato kan mashin ya bi wuri sau 4, kai kuma ka bugo da 8. Nemi wanda ya dace da leda da tawada da kan mashin ɗinka, DX5 ne ko XP600. In babu, shiga wurin iyakar tawada ka riƙa ragewa kashi 5 kashi 5, kana buga ɗan guntu santimita 20 kana dubawa, har ka kai inda kalar ta cika kuma ba ta jiƙe ba.

Sai maganar baƙi. Baƙin RGB, wato kalar allon kwamfuta, in Photoshop ya juya shi CMYK, wato tawadar bugu kala huɗu, da saitin da ya zo da shi, yana zama C75 M68 Y67 K90, haɗa ka gani, 300 ke nan a wuri guda. Don babban fili C60 M40 Y40 K100 ya isa, ƙananan rubutu kuma K100 kawai.

Wani abin da ke cin mutane ba su sani ba, hotunan da kilyan ke turowa ta WhatsApp kusan duka tsarin kalarsu sRGB ne, in manhajar bugunka ta ɗauke su a matsayin wani tsarin daban, Adobe RGB, sai ja da kore su yi ta ihu, fatar mutum ta koma jawur. Kuma kar ka gyara kala sau biyu, ka juya a CorelDRAW sannan manhajar bugu ta sake juyawa, zaɓi wuri ɗaya.

Allon kwamfutarka ma yana ruɗinka. Ka ƙure haskenshi, hoto ya yi tas, ka manta leda ba ta da fitila a cikinta. Rage hasken zuwa wajen rabi, kuma hoton mutanenmu da aka ɗauka cikin ɗaki ko ƙarƙashin rumfa ka ɗan buɗe inuwar fuskar kafin ka tura, don nan ne ya fi toshewa.

Hitar mashin mai ɗumama leda kuma, wasu kashe ta suke don tsimin kuran, wai ai Maradi da zafi. A watan Afrilu wataƙila ka sha, amma da hunturu da sassafe leda ta kwana cikin sanyi, ɗigon tawada bajewa yake ya haɗe da ɗan'uwanshi, hoto ya yi nauyi. Ka bar ta wajen digiri 40, in ledar ta fara tashi tana lanƙwasa ka sauke kaɗan kar kan mashin ya goge ta.

Shi ƙanen nawa furofil ɗin allon fitila ya manta a kai tun wani aikin kantin magani da ya yi. Muka mayar na bash, muka buga fuskar amarya kaɗai a guntu, muka fita da shi waje cikin rana muka duba, sannan ya saki mita 3 ɗin.