In Za Ka Taimaki Lambun Jama'a, Fara da Ban Ruwa

Shekara shida ke nan littafin ban ruwa na lambunmu yana hannuna, kuma ga abin da ya koya mini: ranar buɗe lambu za ka ga mutum arba'in, kowa da sabuwar fartanya, ana ta ɗaukar hoto. Bayan wata biyu kuwa mu biyar ne ke jan tiyo. Shi ya sa in ka zo da niyyar aikin sa kai ba na tambayar ko ka iya noma. Wace rana ce taka, kuma za ka zo ko da ba kowa a wurin?

Zuwanka na farko, kada ka taɓa komai. Nemi mai riƙe da makulli ya zagaya da kai, ka san fangalin wane na wane, da wanda yake na kowa. Akwai wani saurayi mai zafin nama da ya taɓa tuge mana layi biyu na yabanyar karas, wai ciyawa ce. Ban ga laifinsa ba, mu ne ba mu nuna masa ba.

Daga nan ka karɓi rana ɗaya ta ban ruwa. Yawancin kayan lambu suna buƙatar kamar lita 25 a kowace murabba'in mita a mako, in zafi ya tsananta a ƙara. Ka zo da sassafe, ka zuba a gindin shuka, ba a kan ganye ba, don ganyen da ya kwana a jiƙe shi ke jawo cuta, musamman ga tumatir. Kafin ka zuba, tura yatsa cikin ƙasa har gaɓa ta biyu. In da danshi, wuce. Ruwa mai yawa sau biyu a mako ya fi yayyafi kullum, domin yayyafi a sama yake tsayawa, saiwa kuma ta ƙi nutsawa. In ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa mai kaurin santimita 5 a kan fangali, ƙasar za ta daɗe ba ta bushe ba.

Aikin da kowa ke gudu shi ne juya taki, ni kuwa can nake gane mutanen kirki. Kashi biyu ko uku na busasshen ganye, kashi ɗaya na ɗanyen ganye da ɓawon kayan lambu. Ban da nama, ban da mai, in ba ɓeraye kake gayyata ba. Damƙi kaɗan a hannu: ya yi laima amma kada ruwa ya ɗiga. Tulin da ya haɗu daidai zafin cikinsa kan kai digiri 55 zuwa 65, wanda ke kashe yawancin 'ya'yan ciyawa. In ya fara ɗoyi, iska ce ba ta shiga, a juya shi a ƙara busasshe. Sa safar hannu, ka kuma tabbata ka yi allurar tetanus, don ƙwayar cutar a cikin ƙasa take zaune.

In sabon fili ne, a gwada ƙasar kafin a shuka abin ci, musamman kusa da babban titi ko tsohon gini, saboda gubar dalma. Kada faɗin fangali ya wuce mita 1.2, yadda hannu zai kai tsakiya ba a taka ba. Kwashe shara ma aiki ne: da shi wata mata mai suna Liz Christy da abokanta suka fara nasu lambun jama'a a 1973, a wani kango a birnin Niyok na Amurka, kuma lambun yana nan har yau.

Ba ka da ƙarfin sunkuyo? Riƙe littafi. Ana buƙatar mai rubuta abin da aka shuka a ina, don kada barkono ko dankalin Turawa su bi bayan tumatir a wuri ɗaya, tunda dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya. Wake ya kamata ya biyo baya. Mai son ba da gudummawar kaya kuma, don Allah ya fara tambaya. Muna da shebur tara, baro ɗaya tak, shi ma tayarsa a sace.

Ranar da ba za ka samu zuwa ba, ka faɗa tun daren jiya. Na taɓa yin shiru sau ɗaya, ina cewa ai wani zai leƙa. Da na dawo bayan kwana uku, dashen tumatir ɗin duk ya kwanta, biyu kacal suka farfaɗo.