Yadda Ake Tausar Rage Kumburin Hannu Bayan Tiyatar Nono

Idan aka yi wa mace tiyatar sankarar nono, sau da yawa likita yakan cire wasu daga cikin kaluluwar hammata, waɗanda aikinsu shi ne tace ruwan da ke taruwa a tsakanin naman jiki kafin ya koma cikin jini ta gindin wuya. Da zarar an cire su, hanyar ruwan ta ƙuntata, shi ya sa hannu kan kumbura, wani lokaci bayan watanni ko ma shekaru. Tausar da ake yi domin wannan lalura ta samo asali ne daga Emil Vodder, ɗan ƙasar Denmak, wanda ya gabatar da ita a birnin Paris a 1936, kuma manufarta ita ce a karkatar da ruwan zuwa kaluluwar da ke da lafiya.

Kafin a fara, wajibi ne a nemi izinin likitan da ya yi aikin, sannan ma'aikacin sashen gashin ƙashi ya nuna yadda ake yi ido da ido. Ba a taɓa wurin da ɗinki bai warke ba, ko fatar da ake gasawa da na'urar kashe sankara. Haka kuma ba a yin tausar idan hannun ya yi ja, ya ɗau zafi, ko zazzaɓi ya zo, ko ana zargin gudajin jini a jijiya, ko majinyaciyar tana fama da gazawar zuciya ko ta ƙoda.

Abin da ya fi wa mutanenmu wahalar karɓa shi ne laushin hannu, domin mun saba ganin cewa tausar da ba ta shiga ƙashi ba ba ta yi aiki ba. A nan akasin haka ne, saboda ƙananan hanyoyin ruwan a ƙarƙashin fata suke, kuma dannawa da ƙarfi toshe su take yi. Ana shimfiɗa tafin hannu ne a kan fata, a ɗan ja ta a hankali har ta miƙe, a saki ta koma da kanta, kamar mai shafa bayan jariri. Idan fatar ta yi ja, an danna da yawa. Ba a shafa mai lokacin tausar, don hannu zai riƙa zamewa maimakon ya ja fatar, kuma a guji gasa wurin da ruwan zafi, domin zafi ƙara kumburin yake yi.

Ana farawa da jan numfashi mai zurfi har ciki ya taso, sau 5. Daga nan sai a koma gefen wuya, a ja fatar ƙasa zuwa ramin da ke saman ƙashin da ya ratsa daga wuya zuwa kafaɗa, kamar sau 10. Sai hammatar da ba a taɓa ba, sannan matsematsin ɓangaren da aka yi wa aikin. Hikimar wannan tsari ita ce a fara buɗe inda ruwan zai sauka kafin a turo shi. Bayan haka a ja fatar ƙirji daga ɓangaren tiyata zuwa lafiyayyar hammata, a ja ta gefen haƙarƙari zuwa ƙasa, sannan a hau hannun: kafaɗa tukuna, sai damtse, sai ƙasan gwiwar hannu, yatsu su zo a ƙarshe, kuma kowane ja ya nufi sama.

Minti 15 zuwa 20 a rana sun wadatar. Sai dai a ganina kuskure ne babba a dogara ga tausa ita kaɗai, domin safar hannu mai matsewa da aka auna daidai da hannun majinyaciya ita ce ke hana ruwan sake taruwa, tare da motsa hannu da kiyaye fata daga yanka da ƙuna. Duk ranar da zobe ko awarwaro ya fara matsewa fiye da yadda aka saba, a koma asibiti a auna hannun ba tare da jiran ranar da aka ba da ba.