Yadda na gyara fawa bank ɗin da ya ƙi cika

Fawa bank ɗina mai 20,000mAh ya ƙi cika. Wuta a unguwarmu ba ta daɗewa, in an kawo cikin dare kafin asuba an ɗauke, da safe sai in tarar fitila biyu ne kawai cikin huɗun da ke nuna cajinsa ke ci. Har na fara tunanin ajiye shi in koma cajin bango zalla.

Na canza soket, shiru. Na zargi batirinsa, amma da ya wuni a shagon masu caji da janareto, ya cika taf.

Ashe kan cajar ne. Ƙananan rubutun jikinsa sun ce 5V, 1A, wato wat 5 ke nan. Fawa bank mai wannan girma da irin wannan kan sai ya haura awa 15 bai cika ba. Ina wutar take?

Na juya bayan fawa bank ɗin, wajen shigar caji an rubuta 9V, 2A, wato wat 18, ta ramin Type-C. Sai na sayi kan caja mai PD (tsarin caji mai sauri) na wat 20, da igiya mai Type-C kai da kai. Na daina jona shi ta ƙaramin ramin micro-USB, don a nawa can ba ya karɓar caji mai sauri. Yanzu cikin awa 5 zuwa 6 ya cika.

Tsohon kan na bar wa waya. In an kawo wuta wayar ma bango take zuwa kai tsaye, tunda caji ta fawa bank yana zubar da wani kaso a zafi. Shi kuwa sai an ɗauke nake taɓa shi. Alhamdulillahi, yaron shagon da ya ce in karanta rubutun, Allah ya saka masa.