Ƙwayoyin gado da ƙiba a Iran: kurakuran da na gaji da gyarawa

Duk shekara sai ɗalibai sun kawo min rubutu a kan wannan batu ɗauke da kurakurai iri ɗaya, har jan birona ya ƙare.

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne ɗaukar Iraniyawa kamar 'yan gida ɗaya. Ni ma ya taɓa kayar da ni. Na zuba bayanan asibitoci daban-daban a tukunya ɗaya, alaƙa tsakanin ƙwayar gado da ƙiba ta fito tsaf, har na fara yi wa abokai albishir. Mai duba takardar tambaya ɗaya ya yi: masu ƙibar daga ina, siraran daga ina? Ashe yawancin masu ƙibar 'yan wani yanki ne, waɗanda na gwada su da su kuma 'yan wani yankin. Bambancin ƙabila na auna ina tsammanin ƙiba ce. Wata bakwai suka bi ruwa. A Iran akwai Farisawa, Azarawa, Kurdawa, Lurawa, Baluchawa, Larabawa da Turkumawa; ai ba don wasa aikin Iranome, na tattara bayanan ƙwayoyin gadon Iraniyawa, ya ɗebi mutum 800, ɗari-ɗari daga ƙabilu takwas ba. Yanzu ba na karanta sakamako sai na ga garin da aka ɗebi jini. Ko babban binciken Tehran kan kitse da sukarin jini da aka fara a 1999, gunduma ta 13 ta birnin ya tsaya, kada ka laƙaba shi ga mutanen Zahedan, birnin da ke yankin Baluchawa.

Na biyu, rubuta cewa ƙwayar gadon da ake kira FTO ce ke "haddasa" ƙiba. Haba! Tun 2007 da aka gano alaƙar ƙiba da rs9939609, wani sauyi a cikin FTO da ke kiromosom na 16, abin da aka samu shi ne wanda ya gaji nau'in haɗarin daga uwa da uba yakan ɗara wanda bai gada ba da kusan kilo 3. Kilo uku fa, kuma motsa jiki yana rage tasirin. To ina ka bar shinkafa da burodi da zaman mota a cunkoson Tehran? Ni soke kalmar nake yi duk inda na gan ta, in rubuta "alaƙa".

Sauran a gurguje. Awon ƙugu: kwamitin ƙiba na Iran santimita 95 ya tsayar ga maza da mata, daina aro na Turawa. Auren zumunta ya yawaita a can, don haka in lissafin Hardy-Weinberg (na yadda ake sa ran nau'ukan ƙwayar gado za su rarrabu a cikin jama'a) ya karkace, bincika wannan kafin ka zargi ɗakin gwaji. Binciken da ya ɗebi mutum ɗari kacal kuwa, ka karanta shi, amma kada ka gina babi a kansa.