Tsiron gaba da na dubura a wajen maza masu saduwa da maza: yadda ake gane shi da yadda ake maganinsa

A Yamai da Tawa, duk abin da ya fito wa mutum a dubura sunansa basir. Sai a shiga shan jiƙo da sassaƙe, a yi wata shida ana tsarki da ruwan ɗumi, tsiron kuwa yana ƙara yaɗo. Sau da yawa ba basir ba ne, ƙwayar cutar HPV ce, wadda ake ɗauka ta haɗuwar fata da fata lokacin saduwa. Wannan bayani na maza masu saduwa da maza ne, da waɗanda ke saduwa da maza da mata duka, domin a wajensu cutar ta fi zama a dubura, inda ido ba ya kai wa.

HPV tana da iri fiye da 200, kusan 40 daga ciki ne ke kama al'aura, dubura da maƙogwaro. Iri na 6 da na 11 su ke kawo kusan kashi 90 cikin 100 na tsiron da ake gani, kuma da wuya su zama kansa. Iri na 16 da na 18 ba sa fito da abin da mutum zai gani, amma su ne ke iya rikiɗewa su zama kansar dubura, ta azzakari ko ta maƙogwaro bayan shekaru masu yawa. Galibin waɗanda suka kamu, wajen 9 cikin 10, jikinsu na kawar da ƙwayar ba tare da magani ba cikin shekara biyu. Mai ɗauke da ƙwayar sida ne jikinsa ke wahalar yin haka.

Duba kanka

Bayan wanka, a wuri mai haske, ka duba kan azzakari, jikinsa, gindinsa, fatar maraina da matsematsi. Sannan ka ajiye madubi a ƙasa ka tsuguna, ka haska da fitilar salula. Tsiron HPV yana da laushi, launin fata ko ya ɗan fi ta duhu, samansa da kaushi kamar zankon zakara. Yakan fito ɗaya ko a tattare, ba ya cika ciwo, sai dai ƙaiƙayi ko ɗan jini wajen tsarki. Basir kuwa kumburi ne mai santsi, yana fitowa da yunƙuri, sau da yawa ya koma. Ƙananan ƙuraje masu girma ɗaya da suka jeru a gefen kan azzakari halitta ce, kar a taɓa su.

Akwai wanda ya fi rikitarwa: tunjere a matakinsa na biyu yana fito da tsiro mai faɗi, mai danshi, a kewayen dubura. Wanda aka ƙona masa wannan ba tare da awon jini ba, an bar masa cutar tana cin jiki. Shi ya sa ganin ido kaɗai ba ya isa.

Kar ka ɓata lokaci wajen lissafin wa ya sa maka. Tsiron na iya fitowa bayan sati uku, ko wata takwas, ko fiye.

A gidan likita

Je ka wajen likitan fata ko sashen cututtukan da ake ɗauka ta saduwa. A Yamai akwai likitocin fata a Hôpital National, a Tawa sai a fara da babban asibitin jiha, CHR. Ba sai ka kwance labarin rayuwarka ba. Ka ce, "Likita, ina da tsiro a dubura, ina so a duba waje da ciki." Tsiron dubura na fitowa har ga wanda bai taɓa saduwa ta nan ba, saboda haka shi kaɗai ba ya tona asirin kowa, kuma riƙe sirrin majinyaci wajibi ne a kan ma'aikacin lafiya. A takarda za ka ga an rubuta condylome.

Dubawa ta ƙwarai tana da kashi uku: kallon waje, sa yatsa da safar hannu don jin ko akwai ƙullutu mai tauri, da sa ɗan bututu mai suna anuscope don ganin santimita kaɗan na ciki. Minti biyar ya ishe ta. A nan ne ake yawan yin sakaci, a ƙone na waje a bar na ciki, bayan wata guda abin ya dawo. A rana guda ka nemi awon sida, na tunjere da na ciwon hanta iri B. Babu awon jini da ke nuna HPV, kar ka biya kuɗi don shi.

Magungunan da ke aiki

Babu maganin da ke kashe ƙwayar kanta. Tsiron ake cirewa, jiki ya ƙarasa sauran. Antibiyotik da kapso na ƴan talla ba sa yi masa komai.

Na shafawa a gida iri biyu ne, duka da ordonansin likita, kuma na waje ne kawai. Podophyllotoxine mai ƙarfin 0,5%: a ɗiga a kan tsiron da ɗan tsinken auduga safe da yamma kwana 3 a jere, a huta kwana 4, a maimaita har zagaye 4. Kar a wuce rabin mililita a rana. Kafin a sa, a zagaye tsiron da bazilin don kare lafiyayyar fata, a bari ya bushe kafin a mai da wando. Kuskuren da aka fi yi shi ne tsallake kwanakin hutu don gaggawa, sai wurin ya zama gyambo. Wannan maganin ya fi dacewa da azzakari, inda kake ganin abin da hannunka ke yi. Na biyu imiquimod ne mai 5%: a shafa kaɗan da dare sau 3 a sati, misali Litinin, Laraba da Juma'a, a wanke da sabulu bayan awa 6 zuwa 10, har tsawon sati 16. Ja da ɗan zafi alama ce yana aiki, amma in fata ta sale a dakata kwana kaɗan. Yana raunana kwaroron roba, don haka a wanke shi kafin saduwa.

Sauran aikin likita ne. Akwai ruwan acide trichloracétique mai 80 zuwa 90%, ana ɗiga shi sau ɗaya a sati har wurin ya yi fari. Akwai podophylline, wanda dole a wanke bayan awa 1 zuwa 4 kuma ba a sa shi a ciki. Akwai daskarewa da ruwan azote duk sati ɗaya ko biyu, sai ƙonawa da na'urar lantarki ko yankewa bayan allurar kashe zafi, wanda ya fi dacewa da manya da na cikin dubura. Bayan an ƙona, a riƙa wanke wurin da ruwa da sabulu, a tsane shi, a sha ruwa da yawa a ci ganye don kada bayan gida ya yi tauri, a bar saduwa har ya warke.

Ruwan batir, soda, ɗaurewa da zare da rezar wanzami suna barin tabo. A dubura tabon na iya tsuke hanya, gyaransa kuwa sai tiyata. Aske gashin wurin da reza ma yana shuka tsiron a sabon wuri, gara a rage da almakashi.

Dawowar tsiro, musamman a wata ukun farko, ba ta nufin maganin jabu ne. Ƙwayar tana cikin fatar da ke kewaye. A koma wajen likita tun yana ƙarami. Sigari na jinkirta warkewa, kuma yana ƙara haɗarin kansa.

Alamun da ba a jira da su

Jini daga dubura da ke maimaituwa, ƙullutu mai tauri, gyambon da ya wuce sati uku bai warke ba, ciwo mai ɗorewa, ko kaluluwa a matsematsi. Waɗannan sai an yanki ɗan nama an auna. HPV ce ke jawo wajen kashi 90 cikin 100 na kansar dubura, kuma haɗarin ya fi yawa nesa ba kusa ba ga namiji mai saduwa da maza da ke ɗauke da ƙwayar sida. Wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2022, mai suna ANCHOR, ya nuna cire fatar da ta fara lalacewa ya rage kansar da kashi 57 cikin 100 a wajen masu ƙwayar sida. Mai ƙwayar sida ya nemi a duba shi da yatsa sau ɗaya a shekara daga shekara 35, wanda ba shi da ita daga 45, ya kuma riƙe shan maganin sidarsa ba fashi. In an tabbatar da kansa, cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa, CNLC, tana Yamai.

Kariya

Kwaroron roba na ragewa, ba ya hanawa gaba ɗaya, domin bai rufe maraina da matsematsi ba. A haɗa shi da man santsi mai ruwa na farmasi. Man kaɗe, bazilin da man gyaɗa suna cinye robar ta fashe. Kaciya ma ragewa take yi, kuma ba ta kare dubura.

Allurar rigakafi ita ce ta fi ƙarfi, sai dai ba ta warkar da abin da aka riga aka ɗauka. A duba sunan: Gardasil na kare iri na 6, 11, 16 da 18, Gardasil 9 ya ƙara biyar, Cervarix kuwa 16 da 18 kaɗai, ba ya hana tsiro. Babba yana karɓar allura biyu wata shida tsakani, mai ƙwayar sida ya fi kyau ya karɓi uku, a rana ta farko, bayan wata 2 da bayan wata 6. Ana ajiye ta a sanyin digiri 2 zuwa 8, kuma in ta daskare ta lalace. Da zafin Afrilu, a ɗauko ta daga farmasi cikin kula mai ƙanƙara, kwalbar a naɗe kada ta taɓa ƙanƙarar, a wuce kai tsaye wajen mai allura.

Wanda yake da mata a gida, wannan ƙwayar ce ke kawo kansar bakin mahaifa. Ba sai ya yi dogon bayani ba, ya kai ta awon bakin mahaifa a maternite, wanda ungozoma ke yi cikin ƴan mintoci, daga shekara 30, ko 25 in tana da ƙwayar sida.