Yadda nake koya wa yaron da ya kai aji huɗu bai iya haɗa baƙi ba

Akwai wata yarinya 'yar aji huɗu da ta taɓa yi mini rufa-ido. In na ce ta tashi ta karanta shafin da muke kai, sai ta miƙe ta zubo shi tiryan-tiryan, ba gargada, har da sauke murya a inda aya take. Wata biyu ina kafa misali da ita. Ran nan ruwan sama ya jiƙa mini littafi, sai na rubuta jimla uku daga cikinsa a kan allo, amma na sauya musu wuri. Na ce ta karanta. Ta dubi allon, ta fara da jimlar da ta saba farawa da ita, wadda ni kuma na mayar ƙarshe. Na ɗora yatsa a kan kalmar "ruwa" na ce, wannan fa? Shiru kake ji. Ashe hadda ce, kunne ke karatun, ido rakiya yake yi. Laifin kuwa nawa ne, don ni nake biyawa su amsa tun safe har a tashi.

Tun daga ranar na daina yarda da amsar taro. Yara sittin in suka haɗa baki, biyar ne ke jan ragamar, sauran amshin shata suke yi. Saboda haka abin da zan fara ce maka, ko kai malami ne ko uba ko yayan da aka bar wa ƙanne, shi ne ka zauna da yaron shi kaɗai ka gwada shi kafin ka koya masa komai.

Gwajin ba ya cin minti biyar. Takarda ɗaya nake rubutawa da hannuna: haruffa goma a barbaje, kalmomi goma gajeru irin su gida, tuwo, rana, sai jimla huɗu masu sauƙi, sai ɗan labari na layi bakwai ko takwas. Da jimlolin nake farawa. In ya wuce su, mu hau labari, in yi masa tambaya biyu a kai. In ya cije, mu sauko kalmomi, in nan ma ya cije mu sauko haruffa. Inda ya tsaya da ƙafarsa, nan ne ajinsa na gaskiya, ko da kuwa rajista ta ce aji shida yake. Ba ni na ƙago wannan ba. Wata ƙungiya ce a Indiya mai suna Pratham ta shahara da shi, tun 2005 take bi gida-gida tana yi wa yara irin wannan gwaji, kuma ita ce ta fito da tsarin da ake kira TaRL, wato a koya wa yaro daidai matakin da yake. An gwada shi a Borno, an kuma gwada shi a Kano, a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa. Ni dai abin da na ɗauka a ciki shi ne raba yara bisa abin da suka iya: 'yan harafi gefe, 'yan kalma gefe, 'yan labari gefe, ba ruwana da tsawo ko shekaru.

Yayin gwajin ka sa ido a kan yaron kansa. Wanda ke kai takarda har bakin hanci, ko yana ƙanƙance ido, a kai shi a duba masa ido. Wanda sai ka maimaita magana sau uku, leƙa kunnensa, sau da yawa za ka tarar yana ruwa. Wani kuma ko koko bai sha ba ya fito. Na taɓa shafe zango guda ina fama da wani yaro a kan ba ya ji, ashe da gaske ba ya jin.

To, sai koyarwar. Da Hausa za ka fara, ko da makarantar da yake zuwa ta Turanci ce zalla. Na san iyaye da yawa ba sa son jin haka, sun biya kuɗi don yaro ya yi Turanci. Amma duba: rubutun Hausa kusan yadda ake faɗa haka ake rubutawa. Wasula biyar ne, a, e, i, o, u, kuma "a" ɗin da ke cikin "gida" ita ce a cikin "rana". A Turanci harafi ɗaya sai ya yi maka murya uku ko huɗu. Sannan yaron da ya haɗa "tu" da "wo" ya ji "tuwo" ya fito daga bakinsa, nan take zai yi dariya, don ya san abin. Wannan dariyar ita ce shaidar ya karanta. In da kalmar baƙon harshe ce, ko ya haɗa daidai ba shi da yadda zai gane ya yi daidai.

Ka ajiye waƙar "ei, bi, si, di" tukuna. Sunayen haruffa ne na Turanci, kuma su ne ke ɗaure yara. Ka rubuta "ba", yaro ya ce maka "bi, ei", ya tsaya yana kallonka, don "bi" da "ei" ba za su taɓa haihuwar "ba" ba. Harafin c ma an ce masa "si" ne, ga shi a Hausa shi ne farkon "ciki" da "cokali". Sautin harafi za ka koya masa: m ita ce abin da leɓe ke yi in an rufe baki ana gunaguni, s ita ce hucin maciji.

Kafin ma alli ya taɓa allo, nakan yi kwana biyu ko uku muna wasan kunne. In faɗi kalma, mu tafa gaɓoɓinta: ta-bar-ma, tafi uku, ma-ka-ran-ta, tafi huɗu. Kowa ya tafa sunansa. In ce a kawo mini abin da ya fara da "ka", sai ka ji kaza, kare, katifa, wani ya ce "ƙafa", mu tsaya a nan mu saurari bambancin. Wasa ne a wurinsu, amma yaron da kunnensa bai iya yanka kalma gunduwa-gunduwa ba, idonsa ma ba zai iya ba.

Haruffan kuma ba na bin su a jere daga a zuwa z. Huɗu nake ɗauka a makon farko: a, m, k, n. Dalili, da su kaɗai yaro zai karanta mama, kaka, nama, kama, kan, nan. Ranar Alhamis ta makon farko sai ga shi yana karanta "Kaka na nan" da "Ka kama nama". Yaron da ya shekara uku ana ce masa daƙiƙi, ya koma gida da jimla a aljihu. Mako na biyu in ƙara i, s, t, r, daga nan u, d, g, y, haka har mu ƙure.

Inda aikin yake shi ne auren baƙi da wasali, kuma a nan nake daɗewa. Murafun lemon kwalba nake tarawa, in liƙa 'yar takarda a ciki, baƙaƙe da baƙin biro, wasula da ja. In ajiye m a hagu, a a dama, da tazara tsakaninsu. Yaro ya ɗora yatsa a kan m ya ja sautin, mmm, kada ya yanke numfashi, yana turo murfin har ya bugi a: mmma. Sai in cire a in sa i, in cire i in sa u. Da m, n, s, r ake fara wannan, don sautinsu yana jawuwa. K da t da b ba sa jawuwa, sai hannu ya faɗa. In ya iya ma, mi, mu, me, mo a jere, kada ka yi murna tukuna, waƙa ce ya haddace. Hautsina su: mu, ma, mo, mi. In ya karanta a hautsine, to ya iya. Wanda ya yi makarantar allo ba baƙon wannan hanya ba ne, don can ma babbaƙu ake fara yi kafin farfaru, baƙi tsirara tukuna sannan a sa masa wasali. Nakan tuna musu da haka, sai ka ga gabansu ya daina faɗuwa. Abu ɗaya dai, ɗan allo wani lokaci yakan faro daga dama, ka rubuta "ka" ya nemi karanta "ak". Ɗigo nake sawa a gefen hagu na layi, in ce daga nan mota ke tashi.

Akwai ramuka uku da kusan kowane yaro sai ya faɗa. Na farko b da d. Ni ce musu nake b mai tumbi ne, cikinsa na gaba, d kuwa mai goyo ce, ɗanta na baya. Kada ka koyar da su a mako ɗaya, ka bari ɗaya ya zauna daram kafin ka kawo ɗayan. Na biyu masu ƙugiya, ɓ, ɗ, ƙ, da kuma 'y, wadda a Nijar ake rubutawa ƴ. Waɗannan da kalmomi biyu-biyu nake kama su: kura da ƙura, doki da ɗoki, bari da ɓari, baki da baƙi. In rubuta "Kura ta shiga ido" in ce su karanta yadda na rubuta, su yi ta ƙyaƙyatawa, daga nan ba mai sake mance ƙugiya. Tagwaye irin su sh, ts, ky, kw, gw, ƙw a murfi ɗaya nake rubuta su, don yaro ya ɗauke su sauti guda. Rami na uku gaɓa mai rufi, irin "han" a hannu, "tam" a tambaya, "kun" a kunne. Yara kan tsallake baƙin ƙarshen su ce "hanu". Komawa tafi ita ce maganin: han-nu, a ji inda harshe ya tsaya.

Wani abu kuma da rubutunmu ba ya nunawa shi ne tsawon wasali da hawa da saukar murya. Gari na zama da gari na tuwo duk rubutu ɗaya ne, haka kuka na hawaye da kuka ta miya. Kada ka tsaya dogon bayani. Sa kalmar a jimla, "An kai gari inji", yaron Bahaushe ne, bakinsa zai gyara da kansa.

Kullum minti arba'in nake yi, bayan la'asar, a zaure, kwana biyar a mako. Gara haka da awa uku ranar Asabar. Goman farko labari ne, ni nake karanta musu da murya, yatsana na bin layi, in tsaya in ce, me kuke jin Gizo zai yi yanzu? Sai murafu da haɗa gaɓa, wajen minti ashirin. Ragowar shifta ce: in faɗi kalma biyar su rubuta, a allo ko a ƙasa da tsinke. Kada ka yar da shifta ko lokaci ya ƙure, don a nan ake kama mai hadda. Wanda ya rubuta "mkrnt" a maimakon makaranta ya ba ka labari mai daɗi, yana jin baƙaƙe, wasula ne suka zube masa, gobe ka san abin da za ku yi.

In yaro ya yi kuskure yana karatu, kada ka cafke kalmar ka faɗa masa. Ƙirga biyar a zuci. In bai gyara ba, rufe kalmar da yatsa ka bar gaɓar farko kawai, sannan ka buɗe ta biyu. Bulala kuwa ba ta shiga zauren nan. Ba wai don ni mai sanyin hali ba ne, na yi dukan a da, abin da na samu shi ne yara masu saurin canka don a rabu da su. Babban yaro, ɗan shekara goma sha biyu da ke matakin harafi, kunya ce ke cinsa fiye da komai. Irinsu daban nake zaunar da su, ba na haɗa su da 'yan shekara shida, kuma kalmomin da nake ba su na harkarsu ne: keke, waya, kasuwa, ƙwallo.

Abin karantawa shi ne ciwon kai. Littattafan "Mu Karanta!" da aka yi wa makarantun Bauchi da Sakkwato a ƙarƙashin wani shiri na hukumar agajin Amurka, USAID, an tsara su daki-daki, in ka samu ka riƙe. In babu, yi naka. Ka ce yaro ya ba ka labarin abin da ya faru a hanyarsa ta zuwa, ka rubuta jimla huɗu da kalmominsa, ka ba shi ya karanta. Ba labarin da yaro ke so kamar wanda akuyar gidansu ta fito a ciki. In ya fara tafiya a jimla, sa shi ya maimaita labari ɗaya sau uku a kwana uku, kana duba agogon waya, kana ƙirga kalmomin da ya karanta daidai a minti ɗaya. Da kansa zai riƙa tambayar nawa ya ci yau. Amma kowane karatu a bi shi da tambaya, wa ya yi, me ya sa, don akwai mai gudu da bai san inda ya je ba.

Uwar da ba ta yi boko ba ita ma tana da aiki. Nakan ce mata, Hajiya, ba sai kin iya ba, ki dai zaunar da shi bayan magariba ki ce ya karanta miki, in abin da ya faɗa bai yi ma'ana a kunnenki ba ki ce ya sake. A hanya kuma ya karanta mata rubutun bayan a-daidaita-sahu da na manyan motoci.

Bayan mako huɗu ka sake gwajin farko, da sababbin kalmomi, ka matsar da wanda ya matsa. Wanda ya yi wata uku ana yi masa duk wannan, ido lafiya, kunne lafiya, baki da wayo, amma haruffa na ci gaba da juye masa, wannan ba lalaci ba ne, akwai yaran da haka ƙwaƙwalwarsu take da rubutu. Rage masa yawan haruffa, ƙara masa maimaici, ya riƙa zana harafi da yatsa a cikin rairayi yana faɗin sautinsa. Turanci kuwa sai yaro ya karanta ɗan labarin Hausa ya amsa tambayoyinsa sannan nake buɗe masa shi, in fara da kalmomin da haruffansu ke faɗin abin da ya riga ya sani, in bar masu wuyar sha'ani zuwa gaba. Yarinyar nan da ta ruɗe ni, a 'yan harafi ta faro, ta yi kuka ranar da na sa ta can. A mako na bakwai na rubuta mata "Ruwa ya jiƙa littafin Malam", ta bi shi gaɓa-gaɓa da yatsa, ta kai ƙarshe, ta ɗago ta ce, "Malam, ai rannan ne."