Babi na Biyar: Rinin Baba da Neman Abinci da Shi

Kowa ya ɗora yatsa a kan layin farko, mu karanta tare a hankali. Wanda ya ɓace ya ɗaga hannu, babu kunya a ajin nan.

Darasi na 1: Yadin da za a rina

Baba ganye ne, kuma zaren auduga yake kamawa. Yadin roba ba ya shan baba ko da zai kwana a karofi. Kafin ka biya kuɗi a babbar kasuwar Katsina, ciro zare ɗaya daga bakin yadin, ka ƙyasta masa ashana. In ya ci wuta ya zama toka mai laushi, auduga ce. In ya narke ya dunƙule, roba ce, mayar wa mai shago abinsa. Sabon yadi yana zuwa da sitaci a jiki, don haka a wanke shi da sabulu, a ɗauraye, a kai shi bakin rami da danshinsa. Busasshen yadi dabbare-dabbare yake fitowa.

Darasi na 2: Tsomawa da shan iska

Ruwan rini haɗi ne na baba da toka da katsi, wato ƙonanniyar lakar gindin rami, ana motsa shi da muciya kullum har ya nuna, kumfa mai shuɗi ta taso a samansa. Wannan haɗin aikin babban marini ne, a kusa da shi za ku koye shi. Abin da yake hannunku yau shi ne tsomawa.

Saka yadin a hankali, kada ka fantsama ruwa. Riƙa matsa shi a ƙarƙashin ruwan, kada ka bari ya kai gindin rami inda laka take. Bayan ɗan lokaci ka ɗago, ka matse, ka ware shi.

To, ku saurara da kyau. Yadin zai fito kore. Kada gabanku ya faɗi, rini bai lalace ba. Iska ce take mayar da koren nan shuɗi, ita ce kuma take manne launin a jikin zare. Saboda haka ware yadin, ka jira. Buɗe kowane ninki, domin inda iska ba ta shiga ba, launi ba zai zauna ba. Sai ka duba gaba da baya, ka ga babu sauran kore ko kaɗan, sannan ka sake tsomawa.

Mu maimaita tare: a tsoma, a matse, a ware, a jira. Ku rubuta kalmomin nan a littafinku, ku ja layi a ƙarƙashin ta ƙarshe. Madalla. Baba, rubutunka yana kyau, ci gaba da haka.

Mai son shuɗi mai haske, tsomawa kaɗan ta ishe shi. Mai son ya yi duhu har ya kusa baƙi, sai ya yi ta maimaitawa, kuma kowace tsomawa da shan iskarta. Barin yadi ya daɗe a rami sau ɗaya ba zai ba ka duhun nan ba. Ruwan farko zai wanke shi, ya zuba a jikin mai saye.

Haba jama'a! A nan kullum ake faɗuwa. Mutum ya ɗago yadi, tun yana ɗiga kore sai ya mayar da shi rami, wai rana za ta faɗi. Gobe mai kaya ya dawo da riga ta koɗe, sai a ce baba ne ba shi da kyau, ko a ce rinin gargajiya ya mutu. Sauri ne ya haifi nawa. In ba za ka iya tsayawa iska ta gama aikinta ba, kada ka ɓata wa marinan unguwarku suna. Na faɗa, zan sake faɗa: a ware, a jira. Wanda bai gane ba ya tambaya yanzu, zan koma farko da daɗin rai.

Darasi na 3: Lissafi kafin ka faɗi farashi

Ja layi a tsakiyar shafi. A hagu rubuta "Abin da ya fita", a dama "Abin da ya shigo". Ga misali, lambobin na koyo ne kawai: yadi naira 6,000, baba da toka 1,500, sabulu da ruwa 500, mabugi 1,000, ladan hannunka 2,000. Ku haɗa. An samu 11,000. In ka sayar 13,000, ribarka 2,000 ce. Sauran, ban da ladan hannunka, jari ne, ba a yin cefane da shi. Kada a manta ladan hannu, domin jiran nan da ka yi a bakin rami aiki ne. Hajiya, ke da kike ƙullin zane a gida kafin a kai marina, naki ladan ma a rubuta shi.

Lakar gindin rami ba shara ba ce. A kwashe, a busar, a ƙona, ta zama katsin haɗi na gaba, kuɗi ya ragu a layin hagu.

Darasi na 4: Masu saye

Rinin kanti ya fi sauri, ya fi araha, ba za ku yi tsere da shi a farashi ba. Ku gaya wa mai saye gaskiya cewa wannan na baba ne. Marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake lissafin tarihinta tun 1498, har yau baƙi suna zuwa saye a can. Buzaye kuma sun san turkuɗin Kura. Ku gwada kasuwannin Jibiya da Mai'aduwa. Mai waya ya ɗauki hoto da hasken safe ya sa a WhatsApp.

Darasi na 5: Wasu launuka

Karan dafi yana ba da ja. Saiwar rawaya da gangamau suna ba da ɗorawa. A gwada a ƙyalle tukuna.

Aikin gida: kowa ya zo da ƙyallen auduga wankakke da littafin lissafinsa ranar aji mai zuwa.